Sayen sabuwar telebijin: a dubi gida kafin a dubi kwali

Daga babbar kasuwar Yamai zuwa kasuwar Dole ta Damagaram, daga shagunan Maraɗi zuwa na Tawa, masu sayar da kayan lantarki sun jera telebijin shafaffu, manya da ƙanana, kowace da sunanta da alƙawarinta. Ma'aikacin da ya matse albashinsa na watanni, da ɗan kasuwar da ya ware wani abu daga ribar kaka, ba su neman mafi tsada, ba su kuma son ta banza. Ta tsaka-tsaki suke so. To, a wannan tsakiyar ne aka fi yin kuskure, domin a nan ne sunaye suka fi yawa, a nan ne kuma jabu ta fi kama da ta gaske. Ga abin da ya kamata mai gida ya sani kafin ya kwance lalitarsa.

Jiya da yau

Telebijin ta shigo ƙasarmu ta ƙofar lakwal. A 1964 ne aka soma gwajin koyar da yara ta hanyarta a Yamai, kuma sai a ƙarshen shekarun 1970 Tele Sahel ta zama tashar jama'a baki ɗaya. Dattawa ba su manta da zamanin da unguwa guda take taruwa a gaban akwati ɗaya ba, ko ƙauyen da aka girka wa telebijin mai aiki da hasken rana a dandali. Ƴan kasuwar Maraɗi da Damagaram kuma suna tune da wata tsohuwar matsala: Najeriya tana bin tsarin PAL, mu muna bin SECAM irin na Faransa, don haka sau da yawa akwatin da aka sawo daga Kano yakan ƙi ba da launi ko murya in an kama tashar gida. Bayan faɗuwar darajar sefa a watan Janairu na 1994, sabuwar telebijin ta fi ƙarfin ƙaramin ma'aikaci, sai aka koma wa kwance daga Turai.

Yau al'amarin ya juya. Masana'antun ƙasar Sin sun karya farashi, har shafaffiyar telebijin ta shiga cikin kayan ɗakin amarya. Amma arahar ta zo da nata sharaɗi. Tsohuwar mai ƙusumbi takan yi shekara goma sha biyar tana aiki, in ta tsaya mai gyara ya sauya mata ƙaramin abu ta tashi. Ta yanzu kuwa, in gilashinta ya tsage, kuɗin sauya shi yakan kusan kai kuɗin sabuwa. Ke nan wanda ya yi kuskure a ranar saye, da wuya ya samu damar gyara shi daga baya.

Daga ina hoton zai fito?

Wannan ita ce tambayar farko, kuma ita ce mai shago ba ya yi wa kowa. Telebijin ba ta ƙirƙirar hoto, abin da aka ba ta take nunawa. A gidajenmu hoto yana zuwa ta hanyoyi huɗu: eriyar da ke kan rufi, farantin tauraron ɗan adam tare da dekodarsa, kile ko katin da aka ɗura wa fina-finai a kasuwa, sai kuma intanet.

Game da eriya, ƙasashen Afirka da na Turai sun amince a Janeba a 2006 cewa za a bar tsohon tsarin watsa shirye-shirye a koma na dijital, wanda muke kira TNT, aka kuma sa ranar 17 ga Yuni 2015 ta zama wa'adi. Ƙasashe da dama sun makara, amma tsarin da yankinmu ya zaɓa sananne ne, sunansa DVB-T2. Saboda haka, mai saye ya juya kwali ko bayan telebijin ya nemi waɗannan haruffa. In babu su, sai ya ƙara kuɗi ya sayi dekoda kafin ya kama Tele Sahel da sauran tashoshin gida a garuruwan da TNT ta isa. A kula da lambar 2 da ke ƙarshe: yawancin tsofaffin telebijin da ake kawowa daga Faransa DVB-T kawai gare su. Wadda aka ƙera domin kasuwar Amurka kuwa wani tsari daban take bi, kuma galibi da kuran mai ƙarfin bolt 120 take aiki, alhali namu 220 ne. In aka ga DVB-S2 ma an rubuta, ma'anarsa ana iya haɗa wayar faranti kai tsaye a kama tashoshin kyauta ba tare da dekoda ba. Tashoshin da ake biya wa kuɗin wata, irin na Canal+ ko StarTimes, su dai a al'ada sai da dekodarsu.

Daga nan sai maganar tsabtar hoto. Fuskar telebijin ƙananan ɗigo ne jere da juna. Wadda aka rubuta wa HD tana da ɗigo 1366 a kwance da 768 a tsaye, wato kimanin miliyan ɗaya. Full HD tana da 1920 da 1080, sama da miliyan biyu. 4K kuma tana da 3840 da 2160, sama da miliyan takwas. Mai shago zai ce 4K ta ninka Full HD sau huɗu, kuma gaskiya ya faɗa. Abin da bai faɗa ba shi ne, labaran dare, da wa'azi, da wasan kokowa, da fina-finan Kano da ke kan kile, ba a 4K suke zuwa ba. Mafi kyawunsu Full HD ne, da yawa ma ba su kai HD ba. Sai telebijin ta miƙe ƙaramin hoton ya cika babbar fuska, kamar yadda ake ja wa ƙaramin zane ya rufe babban gado. Mai kyau tana yin wannan aiki da ƙwarewa, mai araha kuwa sai fuskokin mutane su yi dishi-dishi. Shi ya sa sau da yawa Full HD ta kamfanin kirki ta fi 4K ta kamfanin da ba a san asalinsa ba kyawun kallo a gida.

Girma: a auna ɗaki da mita

Ana auna telebijin daga kusurwa zuwa kusurwa, da inci, abin da masu shago suke kira pus. Inci 32 santimita 81 ne, 43 santimita 109, 50 santimita 127, 55 kuma santimita 140. Faɗin mai inci 43 bai cika mita ɗaya ba, na mai inci 55 ya haura mita ɗaya da santimita 20. A cikin shago mai faɗi, kusa da ƴan uwanta, kowace tana yin ƙanƙanta a ido. Sai an kai ta gida ake ganin ta cinye bango.

An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A wannan ciniki dai gara a taimaka wa ido da mita. A auna tsakanin bangon da za a kafa ta da wurin da ake zama. In tazarar ba ta wuce mita 2 ba, inci 32 ta isa, 43 ta wadatar. Tsakanin mita 2 da 3, inci 43 zuwa 50 ne daidai. Sai an kai mita 3 ko fiye inci 55 take da dalili. Gwargwadon girman fuska, gwargwadon yadda aibin hoto maras kyau yake fitowa fili, gwargwadon kuma kuran da za ta sha.

Akwai wani abu da ya shafi yadda muke zama. A gidajenmu ba mutum biyu ne ke kallo daga kujera ɗaya ba. Mai gida yana kan kujera, uwargida tana gefe, yara suna kan tabarma a ƙasa, maƙwabta suna bakin ƙofa. Gilashin telebijin iri biyu ne a wannan farashi. Na farko, wanda ake kira IPS, launinsa ba ya gushewa ko daga gefe aka kalle shi, amma baƙinsa yana yin toka-toka a cikin duhu. Na biyu, VA, baƙinsa ya fi zurfi, hotonsa ya fi armashi da dare, amma wanda ke zaune a gefe zai ga launi ya koɗe. Ba kullum ake rubuta wannan a kwali ba, kuma ba sai an haddace sunayen ba. Mai saye ya tsaya a gabanta, sa'an nan ya matsa gefe sosai, ya kuma durƙusa kamar yaron da ke kan tabarma. In fuskokin mutane sun yi fari-fari, ya tuna da yawan iyalinsa kafin ya biya.

Su kuma kalmomin LED, QLED da OLED, kada su ruɗa kowa. LED da QLED duka gilashi ne mai fitilu a bayansa, sai dai QLED an ƙara mata wani shafi da ke kyautata launi. OLED ce ta bambanta, kowane ɗigo nata shi ke ba da haskensa, kuma kuɗinta ya wuce abin da muke magana a kai. Wanda aka nuna wa sabuwar OLED a kuɗin tsaka-tsaki, ya san akwai lauje cikin naɗi.

Kuran, zafi da ƙura

A ƙasarmu ba tsufa ke kashe telebijin ba. Masu gyara sun san abokan gabanta uku, kuma na farkonsu kuran ne. Kowa ya ga halin da aka shiga a watan Agusta na 2023, lokacin da Najeriya ta katse wutar da take ba mu, wadda a wancan lokaci ita ce kusan kashi 70 cikin 100 na abin da NIGELEC ke rabawa, har sai a 2024 aka maido ta. Amma ko a lokacin lafiya, watannin zafi ba su rabuwa da ɗaukewar kuran. Ɗaukewar ba ita ce haɗarin ba, dawowar ce. Sau da yawa kuran yakan dawo da ƙarfi fiye da kima, ko ya yi ta hawa da sauka, sai ya ƙona sashen da ke raba wuta a cikin telebijin.

Matakin farko shi ne karanta ƴar takardar da ke liƙe a bayanta. In an rubuta 100-240 V, tana iya jure raguwar kuran. In 220-240 V kawai aka rubuta, to a unguwar da fitila ke yin ja da maraice za ta wahala. Mataki na biyu shi ne na'urar kariya, kuma iri uku ne da ake yawan rikita su. Regilata tana daidaita kuran in ya ragu ko ya ƙaru. Akwai ƙaramar na'urar da ake sawa a firiz, wadda ke yanke wuta in ta wuce kima, ta kuma jinkirta na ɗan lokaci bayan dawowarta kafin ta saki. Ondila kuwa tana da batir a ciki, tana riƙe telebijin na wasu mintoci har a kashe ta cikin natsuwa. Ralonj mai jan maɓalli da ake sayarwa a bakin titi ba ya cikin ukun nan, ƙarin ramuka ne kawai. Ko wace aka zaɓa, kuɗinta bai kai na gyara ɗaya ba, kuma rigakafi ya fi magani. Da damina kuma, in hadari ya taso da tsawa, a zare firiz a kuma zare wayar eriya ko ta faranti, domin ta nan ma aradu take shiga, kuma babu regilatar da ke tare ta.

A wannan takarda ne kuma ake rubuta yawan kuran da take sha. Mai inci 32 takan sha wat 30 zuwa 50, mai inci 55 takan haura 100. Ga mai biyan faktir a ƙarshen wata, telebijin mai wat 70 da ke aiki awa 6 kullum tana cin kilowat 12,6 a wata, abin da bai kai na firigo ba. Amma ga mai aiki da hasken rana, lissafin yana da nauyi. Batir mai bolt 12 da ampa 100 yana ɗauke da wat 1200 na awa ɗaya, kuma irin na dalma rabin wannan kawai ake so a sha in ana son ya daɗe. Wato telebijin mai wat 40 za ta yi kusan awa 15 a kansa, mai wat 120 kuwa awa 5, kafin a cire rabon dekoda da fanka da fitila. Wanda ya sayi babba ba tare da wannan lissafi ba, zai tarar ya sayi sabon batir da sabon faifan rana bai shirya ba.

Na biyu zafi. Littafin da ke cikin kwali yakan faɗi cewa an yi ta ne ta yi aiki a zafin da bai wuce digiri 40 ba. A Afrilu da Mayu, Yamai da Tawa suna wuce haka a inuwa, balle ɗaki mai rufin kwano. Abin da zafi ya fi ci shi ne fitilun da ke bayan gilashi. Alamar mutuwarsu sananniya ce: murya tana fita, fuska baƙa ƙirin. Kamfanoni suna sakin telebijin da haskenta a ƙure domin ta ja ido a shago. In an kai ta gida, a shiga cikin saitinta a rage hasken baya zuwa rabi ko sama kaɗan. Ido zai huta, faktir zai ragu, fitilun za su ƙara kwana. Kada a manna ta da bango ƙam, kada a cusa ta cikin kabad da iska ba ta shiga, kada kuma rana ta riƙa faɗa mata ta taga.

Na uku ƙura. Da hunturu, ƙura tana shiga ta ramukan shan iska ta kwanta a kan kayan ciki, ta hana su hucewa. A rufe ta da zane in an kashe ta, a yaye zanen gaba ɗaya in an kunna. A share gilashi da busasshen tsumma mai laushi, ban da ruwan sabulu.

Suna da kwali

Iyayenmu sun san cewa wasu sunaye ba su ba da kunya. Yau suna shi kaɗai bai isa shaida ba, saboda dalilai biyu. Na farko, manyan sunaye da dama sun sauya hannu. Kamfanin Foxconn na Taiwan ya sayi Sharp a 2016. Sashen telebijin na Toshiba ya koma hannun Hisense na ƙasar Sin a 2018. Telebijin masu sunan Philips kuma wani kamfani ne mai suna TP Vision ke yin su. Wannan ba aibi ba ne, Hisense da TCL suna cikin manyan masu ƙera telebijin na duniya, kuma a farashin tsaka-tsaki kayansu suna gogayya da na Samsung da LG. Amma wanda ya ƙara kuɗi domin yana zaton kayan Japan irin na da yake saye, ya san abin da yake biya.

Dalili na biyu ya fi muni, shi ne jabu. Buga suna a kwali da liƙa shi a goshin telebijin ba su da wuya. Hanyar ganewa ita ce lambar ƙira da lambar siriyal. Wadda ke jikin kwali, da wadda ke bayan telebijin, da wadda ke fitowa a cikin saitinta in an kunna, dole su zama ɗaya. Kazalika kowane babban kamfani yana da tsarin da yake sa wa kayansa masu intanet: Samsung tana da Tizen, LG tana da webOS, Hisense galibi VIDAA, TCL da Sony galibi Google TV ko Android TV. Samsung ko LG da aka kunna ta buɗe da Android, ba sai an tambayi kowa ba. Haka nan wadda farashinta ya faɗi ƙasa da na sauran shaguna da nisa. Araha ba ta ado.

Akwai kuma sunaye masu yawa da ƴan kasuwa ke sa wa kayan da suka yi oda daga masana'antun Sin. Ba jabu ba ne, tunda ba su ari sunan kowa ba, kuma wasunsu suna aiki lafiya. Ma'auninsu ɗaya ne: in ta lalace, akwai kayan gyaranta a garin? Mafi alherin shawara a nan ita ce, kafin a je wurin mai sayarwa, a biya ta wurin mai gyara. Shi ya san irin da ta fi yawa a kan teburinsa, da irin da ake samun fitilunta da telekomand ɗinta a kasuwa, da irin da in ta mutu sai dai a jingine ta a lungu.

Wayon telebijin da kuɗin intanet

Kalmar Smart tana ƙara wa telebijin kuɗi, kuma ma'anarta ita ce tana shiga intanet ta nuna YouTube da makamantansa. Kafin a biya wannan ƙari, a yi lissafi. Kamfanin Netflix da kansa ya ƙiyasta cewa kallon awa ɗaya da hoto mai tsabta yana iya cin jiga 3, na 4K kuwa har jiga 7. Gidan da ke dogaro da megan wayar salula, wasan ƙwallo ɗaya zai iya cinye masa abin da ya saya na mako. In babu intanet na wata a gidan, wayon nan ado ne kawai.

Bugu da ƙari, wayon telebijin ya fi gilashinta saurin tsufa. Masu araha ƙwaƙwalwarsu ƙarama ce, bayan ƴan shekaru sai su soma nauyi, wasu manhajoji su daina buɗewa. Maganin wannan ba shi da tsada: akwai ƙaramin akwati da ake haɗawa ta ramin HDMI ya mai da kowace telebijin mai shiga intanet, in ya tsufa a sauya shi shi kaɗai. Don haka in za a zaɓa tsakanin gilashi mai kyau da wayo mai yawa, a ɗauki gilashi. Abin da ba a iya ƙarawa daga baya shi ne ramuka. A nemi HDMI aƙalla biyu, uku ya fi, da USB, da kuma ramin tsohuwar waya mai kai ja da fari da rawaya in dekodar gidan tsohuwa ce. Su kuma manyan lambobin nan 200 ko 400 da ake bugawa a kwali da sunan saurin hoto, talla ce. A wannan farashi kusan duka sau 50 ko 60 suke sabunta hoto a daƙiƙa, kuma ya isa kallon ƙwallo.

A cikin shago

Gani ya kori ji. Kada a karɓi kwali a rufe. A buɗe shi a gaban mai shago, a kunna wadda za a tafi da ita, ba ƴar uwarta da ke kan kanta ba. Hoton furanni da tsuntsaye da suke nunawa an shirya shi ne musamman domin ya burge. A nemi a haɗa ta da dekoda a ga tashar da ake kallo kullum. A zo da kile daga gida a gwada ko tana karanta fina-finan da ke kai. A sa farin hoto zalla a duba ko akwai tabo ko baƙin ɗigo, a sa baƙi zalla a duba ko haske yana tsiyaya daga gefuna. A ƙure murya a ji ko tana kakkarwa, domin siririn jiki ba ya barin wurin lasifika mai kyau, kuma a gida za ta yi gasa da fanka da hayaniyar yara. A gwada kowane rami, a tabbatar akwai Faransanci a cikin saitinta.

Bayan haka sai takarda. A karɓi faktir mai ɗauke da sunan shago, da kwanan wata, da lambar siriyal, da tsawon garanti. A tambaya tun kafin biya: in ta tsaya a wata na uku, wa zai gyara, a ina, kuma wa zai biya kuɗin mota? Garantin da sai an kai kaya Yamai, ga mutumin Damagaram tafiyar kusan kilomita 900 ce. A kuma sani cewa yawancin garanti ba su ɗaukar ɓarnar kuran ko fashewar gilashi.

Ga mutanen Maraɗi da Damagaram da Ƙonni, akwai jarabar tsallaka iyaka, musamman lokacin da naira ta yi ƙasa. Tsohuwar matsalar PAL da SECAM ta kau, tunda Najeriya ma DVB-T2 ta zaɓa. Amma a haɗa da kuɗin duwan, da na mota, da haɗarin hanya. Kan wayarta mai ƙafa uku ne irin na Ingila, sai an nemi mahaɗi mai kyau kafin ya shiga firiz ɗinmu. Garantinta kuma yana can inda aka saye ta. In bambancin kuɗin bai taka kara ya karya ba, maƙwabcin da za a iya komawa wurinsa gobe ya fi. Ko daga ina aka ɗauko ta, a tsaye ake ɗaukar ta cikin kwalinta, ba a kwantar da ita, ba a kuma ɗora mata kaya.

Lissafin ƙarshe

Kuskuren da ya fi yawa shi ne mutum ya zuba duk abin da ya tara a kan telebijin ita kaɗai. Mu ɗauka, a misali, mai gida ya ware jikka 200. In ya ba da su duka domin ya samu mafi girma, zai koma gida ba regilata, ba ƙarfen kafawa a bango, ba eriya, ba kuɗin wata na dekoda. Hikima ita ce ya ware kashi ɗaya cikin biyar domin waɗannan, ya nemi telebijin da sauran. Sau da yawa wannan yana nufin sauka daga inci 55 zuwa 43, ko daga 43 zuwa 32. Ba abin kunya ba ne, daidai ruwa daidai tsaki.

Ga ma'aikata kuma akwai sayen bashi, a riƙa cira daga albashi. Nan ma a ɗauki biro da takarda. Kayan jikka 200 da aka ce a biya jikka 25 har wata 10 ya zama jikka 250, wato an ƙara rubu'in kuɗin. A kuma gwada tsawon bashin da tsawon garanti, domin babu baƙin ciki irin na mutumin da ake cirar masa kuɗin telebijin da ta riga ta mutu. Wanda zai iya haƙuri, ya guji gabanin salla da gabanin manyan gasannin ƙwallo, lokacin da masu saye suka yi yawa, mai shago kuma ba ya sauraron tayi.

A taƙaice, ga gidan da ke kallon tashoshin gida da na faranti, a ɗaki mai tazarar mita 2 zuwa 3, telebijin mai inci 43, Full HD, mai DVB-T2, mai ɗaukar kuran daga 100 zuwa 240, wadda mai gyaran garin ya san ta, aka kuma saye ta da faktir tare da na'urar kariya, ita ce za ta fi daɗewa tana biyan buƙata. Mai ƙaramin ɗaki ko mai hasken rana ya tsaya a 32. Mai faffaɗan salon da intanet na wata, shi ne 4K mai inci 50 ko 55 za ta yi wa amfani. Baƙi za su yaba girmanta a makon farko, amma mai gida ne zai zauna da ita shekaru, shi ne kuma zai biya faktir da kuɗin gyara. Magabata sun riga sun faɗa: sayen nagari, mai da kuɗi gida.